Dogo Ya Nutse Ina Kansa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, ni Injiniya Elias Maishanu nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Dogo, ginshiƙin kankaren da muka kafa cikin ƙasa a bakin wani rafi a Mayo Gwoi, don a gwada nauyin da zai ɗauka kafin a ɗora gada a kan ƙannensa.

Marigayin mai haƙuri ne, miƙaƙƙe, bai taɓa mayar wa kowa magana ba. Ni na lissafa ƙarfinsa da hannuna, na kuma bugi ƙirji a gaban Darakta cewa idan Dogo ya motsa, a ɗauke ni daga Jalingo a jefa ni duk inda aka ga dama. Ba wanda ya nemi wannan rantsuwa a wurina. Bakina ne kawai ya ja mini.

Ciwon ajalinsa ma a wurina ya samo shi. Da rani na ɗebi ƙasar wurin na auna, tana da tauri kamar kaskon tuya, sai gwajin ya faɗo tsakiyar damina. Ban sake aunawa ba, wai ni a dole na gama sanin halin ƙasa.

Ranar gwaji aka jibga masa buhunan yashi. Allah sarki, ya daure, ko gezau. Daɗi ya kwashe ni, na kira mai hoto, na hau can ƙololuwar buhunan na riƙe ƙugu. A nan marigayin ya yi kalamansa na ƙarshe: ƙiii, sannan luɓus. Ya dinga sauka a hankali, ni ina bisa da sauran murmushina, har idona ya zo daidai da na Darakta.

Ya rasu ya bar ƙanne da dama a kan takarda, da kalkuleta wadda ba ta da laifin komai, da matata Ƙauna, wadda ta'aziyyarta ke nan: "Baban Joy, da ka sa tumbin nan naka cikin lissafi."

Ba sai kowa ya zo da shebur ba, marigayin ya binne kansa ya hutar da mu. Za a karɓi gaisuwa ranar Litinin da safe a tasha, gefen motar Gembu, garin sanyin nan da aka mayar da ni aiki. Mai zuwa ya taimaka da rigar sanyi, ba ni da ko ɗaya.