Jaka Mai Tagogi Biyu

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da muka hau duwatsun Harobanda ba, kuma ko na so mantawa, abokan aikina sun ɗauki alkawarin tuna mini har ranar da zan bar aiki.

Ni ma'aikacin wani gidan rediyo ne a nan Yamai, sashen Hausa. Ina karanta labarai, ina kuma duba rubutun wasu kafin a watsa shi. Na daɗe ina wannan aiki har ya zame mini ciwo: in mutum ya ce mini "jiya da yamma", sai na tambaye shi ƙarfe nawa. A biro, wato ofis, Malam Gyara suke kirana. (A lokacin na ɗauka yabo ne.)

Wata Litinin shugabanmu, Shef Hamani, ya tara mu ya ce za a buɗe sabon shiri na zagaya ƙasa. Mai gabatarwa zai ɗauki rekoda ya shiga kar, babbar motar fasinja, ya sauka inda hanya ta ƙare, ya ƙarasa da ƙafa zuwa ƙauyukan da ba a taɓa jin muryarsu ba. Mu biyu muka nuna muna so, ni da Ramatu, abokiyar aikina. Ni dai har cikin raina nake son shirin nan. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a ɗakin da ba shi da taga, ina karanta sunayen garuruwan da ban taɓa takawa ba.

Shef Hamani Bazabarme ne, Hausarsa gajera ce, ba ta da kwana. Ya ce, "Ranar Lahadi kowa ya fito, mu hau dutse a hayin kogi. Mai shirin nan sai ya iya tafiya da kayansa a bayansa. Zan gani da idona."

Da wani ne ya ji haka, da sai ya fara motsa jiki. Ni kuwa na yanke hukunci cewa magana duka tana ga jaka. Na zauna na yi bincike na kwana uku, na rubuta sharuɗɗa a takarda. Jaka ɗaya nake so wadda za ta yi hawan dutse ta kuma yi tafiyar mota. Dole nauyinta ya zauna a ƙugu, ba a kafaɗa ba. Dole bayanta ya bar iska ta ratsa, don zafin Yamai ba ya wasa da mai gumi. Kada ta yi girman da sai an cusa ta ƙarƙashin kar tare da buhunan albasa. A kuma samu inda za a sa ruwa, hannu ya kai ba sai an sauke ta ba. Har yau ina nan a kan waɗannan sharuɗɗa, babu na banza a cikinsu. Matsalar ba a takardar take ba.

Ranar Alhamis na nufi kasuwar Katako, wurin Alhaji Ilu, mutumin Maradi mai sayar da jakunkunan gwanjo da ake kwancewa daga dilolin ƙasashen Turai. Ya sauko mini da wata baƙa, madaidaiciya, mai ɗamara mai kyau. Na juya ta, na ce bayanta ba ya shan iska yadda nake so. Ya kawo ta biyu, ya kawo ta uku, duk na samo musu aibi. Ina ɗaga kai sai na hango wata ja da ruwan toka a rataye can sama, ƙura ta rufe ta, tana da ƙashin ƙarfe mara nauyi.

"Alhaji, waccan fa?"

"Waccan? Ta kwana biyu a nan. Duk wanda ya ɗaga ta sai ya mayar, ba a gane kanta ba."

"Don ba su san kaya ba ne."

"To, ai ga masani Allah ya kawo," in ji shi, ya sa sanda ya zaro ta.

Ban taɓa ganin jaka irinta ba. Ɗamararta mai kauri ce kamar ta ɗan kokawa. Tana da ƙafar ƙarfe da ake turowa, ta tsaya da kanta a ƙasa. Samanta a buɗe yake, amma da 'yar rumfa da ake jawowa. Cikinta duk laushi, da maɗaurai guda biyar masu haɗuwa a tsakiya. Daga ƙasa, hagu da dama, akwai ramuka biyu masu faɗin da hannu zai shige, a ƙarƙashin kowane rami da wata 'yar igiya mai zobe tana lilo. Har da ƙaramin madubi a ɗaure da zare. A jikinta kuma ga hoton dutse.

Nan take na fahimci komai, na kuma yi wa Alhaji Ilu bayani ba tare da ya nema ba. Ramukan nan tagogi ne na shan iska. Maɗauran ciki na riƙe na'ura ne kada ta girgiza. Rumfar tana kare kaya daga rana. Zobban na rataye gorar ruwa ne. Madubin kuwa, in mutum ya ɓata a daji, da shi zai haska rana a hango shi daga nesa.

Alhaji Ilu ya riƙe haɓa. "Wallahi yau na yi karatu. Malam, kai a ina ka yi boko?"

Na goyo abata a kan kabu-kabu har gida, unguwar Talaje. Matata Hadiza, wadda a lokacin cikinta ya kai wata bakwai, tana zaune a tabarma tana tsinke zogale. Ta dubi jakar, ta tashi da ƙyar ta zagaya ta sau biyu.

"Malam, wannan ai kamar kujera."

"Jaka ce, ta masu hawan dutse."

"To in ka zuba kaya, ba za su zubo ta ramukan nan ba?"

Na maimaita mata darasin tagogi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya sa albarka," ta koma ga zogalenta. Da na gwada shirya kaya, safata ta faɗo ta tagar hagu, gwangwanin sardin ya faɗo ta dama. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na nemo leda na ƙulle komai a ciki, na ce Annasara ma ai haka suke yi.

Ranar Lahadi da hantsi muka ƙetare gada a motar gidan rediyo, mu tara. Ramatu ta zo da tsohuwar jakar makarantar ƙanwarta, zip ɗaya ya mutu an kama shi da fil. Na dube ta, na ji tausayinta. Ni kuwa na ɗaure rekodata da maɗaurai biyar, na tsayar da dogon burodi a gefenta, ga kilishi, ga gorunan ruwa biyu suna lilo a zobba.

A gindin dutse na sauke jakar, na tura ƙafarta, ta tsaya ƙyam ita kaɗai. Kowa ya matso. Na gyara murya irin ta labaran ƙarfe takwas na yi musu jawabi na minti goma cur. (Isufu, mai kula da na'urorinmu, ya duba agogo, shi ya faɗa mini daga baya.) Shef Hamani yana gyaɗa kai, har ya fiddo ɗan littafinsa ya rubuta wani abu. Na ce a raina, shiri ya zo hannu.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kare jakar: daɗin ɗauka gare ta. Nauyi ya zauna a ƙugu, iska tana ratsa bayana, ina gaba ana bina. Da muka kai rabin dutse muka tsaya shan ruwa a inuwar wata aduwa, sai ga wasu masu yawon motsa jiki sun iso bayanmu. A cikinsu akwai wata mata, Madam Zalika, ma'aikaciyar jinya da ta yi shekaru a Beljiyam, kamar yadda muka ji daga baya. Tana saɓe da 'yarta mai kamar shekara ɗaya da rabi, gumi ya jiƙe ta, tana haki.

Tana ganin bayana sai fuskarta ta washe. Ta gaishe mu, ta zagayo ta bayana a hankali, ta ɗaga rumfar da yatsa biyu, ta rage murya ta ce, "Barci yake yi?"

Ta leƙa ciki. Ita da burodi suna kallon juna.

"Malam, ina yaron?"

"Wane yaro, Madam?"

"Au, ka baro shi gida wurin mamansa? To don Allah ara mini, bayana ya kusa karyewa. Irinta sak gare ni a can, na baro ta saboda nauyin kaya."

Na yi murmushin da nake yi wa sabon ma'aikaci in ya kawo rubutu da kuskure. "Madam, ina jin akwai rashin fahimta. Wannan jaka ce ta masu hawan dutse."

"Ƙwarai kuwa," in ji ta. "Masu hawan dutse da 'ya'yansu. Sauke ka gani."

Ban san abin da ya sa na sauke ba. Ta kwance rekodata ta miƙa wa Ramatu, ta ba Isufu burodi, ta zare gorunan ruwa. Ta ɗaga 'yarta ta zura ta ciki. Ƙafar hagu ta fito ta tagar hagu. Ƙafar dama ta fito ta tagar dama. Ta sa kowane ɗan takalmi a zobensa, ta haɗa maɗaurai biyar a ƙirjin yarinyar, ƙas, ta jawo rumfa. Yarinyar ta kwantar da kumatunta a wurin laushin nan ta yi ajiyar zuciya, kamar matafiyin da ya iso gida.

Madam Zalika ta ɗauko madubin ta sa mini a hannu. "Wannan kuma don ka riƙa ganin fuskarta ba sai ka waiwaya ba."

Na yi aikin rediyo, na san shiru iri-iri, amma ban taɓa jin mai nauyin wannan ba. Ramatu ta cusa bakin gyalenta a baki. Shef Hamani ya nemi dutse ya zauna, ya cire tabarau, kafaɗunsa suna rawa. Isufu ne ya fasa, cikin ladabi ƙwarai: "Malam Gyara, tagogin suna shan iska kuwa?"

Ku yi mini adalci, a ina zan sani? Mu bakwai mahaifiyarmu ta goya da zani da majanyi, majanyin ma ɗaya ne tun daga yayanmu har auta. Bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa akwai ƙasar da goyo yake bukatar ƙarfe da rumfa da madubi, balle a ce namiji ake ɗinka wa.

Abin bai tsaya nan ba. Madam ta gwada ɗauka, ƙarfen ya yi wa bayanta tsawo. Aka zo fidda yarinyar, ta ƙanƙame maɗaurai ta tsala ihu. Duk idanu suka dawo kaina, tunda ni ɗamarar ta yi wa daidai. Haka na goyi 'yar mutane har ƙolin dutse, na kuma sauko da ita. A hanyar saukowa muka haɗu da wasu mata ɗauke da itace. Suka sauke kayansu don su ji daɗin kallo, suna tafa hannu suna magana da Zabarmanci, Isufu yana fassara mini har da abin da ba su faɗa ba. Ramatu kuwa ta kunna rekodata ta zauna a cikinsu tana tambayarsu yadda suke goyo in za su hau dutse neman itace, da abin da suke yi in yaro ya yi zazzaɓi a can sama. Suka yi ta ba ta labari kamar sun shekara da saninta.

Washegari Shef ya kira ni biro. Bai yi dariya ba, na gode masa da wannan.

"Ƙafarka tana da kyau," ya ce. "Amma shiri na Ramatu ne. Ita in ta ga abin da ba ta sani ba, tambaya take yi. Kai bayani kake yi. Mai bayani in ya je ƙauye, da labarinsa zai dawo, ba da nasu ba."

Na ji zafi. Na juya maganar a kaina ina neman inda zan gyara, ban samu ba. Kafin in fita ya ƙara da cewa shirin iyaye da yara na ranar Laraba ba shi da mai gabatarwa, kuma yana ganin yanzu ina da ƙwarewa.

Da na ba Hadiza labari, ta saurara har na kai aya. Sannan ta ce, "Ai na ce kujera ce." Na ce gobe zan mayar wa Alhaji Ilu kayansa. Ta dafa cikinta ta ce, "Ajiye mana ita a bayan ƙofa."

Na koma Katako daga baya na ɗauki baƙar nan da na raina, ita nake zuwa Damagaram da ita ganin iyaye, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Alhaji Ilu yana miƙo mini ita ya ce, "Wannan fa ba ta da tagogi, Malam, za ka iya?" Ashe labari ya riga ni isa kasuwa.

Shirin Ramatu yana tafiya lafiya, ina sauraronsa duk mako, ba na samun abin gyarawa sosai. Ni ma na saba da Larabata, har ina jin daɗinta, don na gano iyaye mata sun san abubuwa da yawa in aka yi shiru aka bar su suka faɗa. 'Yarmu Nana ta shekara ɗaya da wata huɗu yanzu. Kullum bayan la'asar nakan zura ta cikin jar jakar mu zagaya Talaje, ƙafafunta suna lilo ta tagogi. Dattawan ƙofar masallaci sun gaji da girgiza kai, maƙwabta biyu har sun tambaye ni a ɓoye inda ake samun irinta.

Abin da na koya bai da yawa: in ka ga rami a jikin abu ba ka san amfaninsa ba, tambayi matarka kafin ka raɗa masa suna. Madubin dai yana nan a ɗaure da zarensa. Ban taɓa ɓata a daji ba balle in haska shi, amma sau goma nake ɗaga shi kafin mu kai bakin titi.