Ranar da na dafa tumatirin Fatimata

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Arlit, shekarar da aka rufe ramin uraniyum aka sallame mu. Shekara ashirin na yi a ƙarƙashin ƙasa, inda doka ɗaya ta fi kowace: in ka wuce ƙofar iska, ka rufe ta a bayanka, in ba haka ba iska ta kauce wa 'yan'uwanka. Har lambar yabo na samu a kan haka (tana rataye a ɗakina, ba ta taɓa sayo ko ashana ba).

Da zaman banza ya ishe ni, na je garkar Fatimata, matar abokin aikina a rami, marigayi Agali, wanda tari ya kashe. Rumfar leda gare ta, inda take renon irin dashe na tumatir da tattasai. Masu garka na gari duk a wurinta suke ɗiba. In nata ya lalace, sai a jira motocin Agadez, ita kuma ba ta da wata sana'a.

Ran nan za ta gaisuwar mutuwa, na ce ta tafi hankali kwance, wanda ya tsare rami ai ba ganye zai gagare shi ba. Ta ja mini kunne cewa da dare kawai ake rufe rumfar, saboda sanyi. Na ce na ji, kuma wallahi na ji.

Da aka kira salla na fito, hannuna ya ja ƙofa ya sa sakata, ya saki ledar gefe. Ban ma san ya yi ba. Daga masallaci na zarce hira.

Bayan la'asar na dawo na tarar da Fatimata tsaye a bakin rumfa, ga masu garka huɗu da kwanduna. Tana buɗewa tururi ya buge mu. Komai ya kwanta kamar dafaffen alayyafo. Na so ta zage ni, da na samu sauƙi. Sai ta taɓa sakatar ta ce, "Ba komai, Malam. Marigayi ma haka yake, ko ƙofar ɗaki ba ya iya bari a buɗe."

Nan na yi kuka, gaban maza da kwandunansu.

Mun sake shuka, amma sanyi, lokacin dashe, ya riga ya wuce. Yanzu ni ke mata ban ruwa, ƙofar kuwa ta sa ana cire ta ɗungurungum duk safiya. Na gane kamfani ya sallame ni, amma ya manta bai faɗa wa hannuna ba.