Rasuwar Rikodar Baba, da Kaset na Talatin da Takwas a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ban iya nunawa ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar rikodar mahaifinmu, baƙa, mai hannu ɗaya da lasifika biyu. Ta cika ranar Talata da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a kan teburin ɗakina. Shekararta ashirin da shida a gidan. Ni kaɗai ce a wurin.

Ga waɗanda ba su san aikin da ta yi mana ba. Idon Baba ya fara mutuwa shekarar da na tafi karatu ƙasar waje. Tsohon akawu ne a gidan waya, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gane mummunan rubutun mutane a bayan ambulan, sai ga shi ba ya iya karanta sunan maganinsa. Mama kuwa ba ta da abin so kamar littattafan soyayya. Da farko da baki take karanta masa. Ranar da likita ya gaya mata abin da ke ƙirjinta, ta ɗauki rikodar ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Wata bakwai tana karatu, rikodar tana ɗaukar muryarta. Littafi tara, kaset talatin da takwas, kowanne da lambarsa. Ni ina can ina koyon haɗa na'urori. Lokacin da Mama ta rasu ina jarrabawa.

Marigayiya rikoda mai riƙon amana ce. Ba ta taɓa ƙara wa Mama magana ba, ba ta rage mata ba. Ko tari ba ta tsallakewa. A danna ta, ta ce ƙas, ta ɗan yi huci, sai muryar Mama ta fito kamar yanzu ta ajiye tsintsiya.

Kuma ba karatu kawai ta adana ba, don Mama ba ta iya wuce shafi uku ba ta sa baki ba. Ita 'yar littattafan zamanin dā ce, masu doki da jirgin ruwa da wasiƙa. A ganinta a can ne so yake da nauyi, saboda ana jira. Duk da haka ba ta ƙyale su. A kaset na huɗu ta tsaya tsakiyar wani bikin rawa ta ce, "Riga ta shida ke nan yau. Wa ke wanke mata? Ita nake so a ba ni labarinta." A na goma sha ɗaya, da yarinyar littafin ta suma karo na uku, ta ce, "A ba ta abinci, ba so ba ne wannan."

Na zamani kuwa ba ta raga musu ko kaɗan. "Ga waya a hannunsa, ga waya a hannunta, amma shafi ɗari biyu suna fushi kan abin da kira ɗaya zai kashe." Game da samarin ciki ta ce, "Kullum mai kamfani ne, kullum fuska a ɗaure, ban taɓa ganin ya zauna ya yi aiki ba. Namijin da ya wuni bai yi dariya ba, a duba cikinsa."

Baba shi na zamanin yake so. A wurinsa in ana so a faɗa, a wuce wurin. Mama ta san haka, ta kuma san daidai inda zai yi musu. Saboda haka duk inda ta faɗi ra'ayinta sai ta yi shiru, ta bar zaren kaset yana tafiya babu komai a kai. Wurinsa ne ta bar masa. Ranar da na dawo gida na same shi a falo yana gaya wa rikoda, "Wasiƙa wata uku a hanya? Wannan ba soyayya ba ce, sakacin ma'aikata ne." Aka ɗan jima, sai muryar Mama ta ce, "Ka gama, Akawu? To." Ta ci gaba da karatu. Na ɗauka ya ruɗe. Bai ruɗe ba. Haka suke yi kullum da ƙarfe huɗu, shekara shida, kuma har yau babu wanda ya ci wani.

Ni ba ni da ra'ayi a kan waɗannan littattafai. Na karanta biyu a jirgi, na ga duk ana iya gama su a shafi na goma. Amma abin da na sani game da Mama bayan na cika shekara goma sha tara, a bakin marigayiyar na ji shi.

Ciwon ajalin rikodar ya fara a bara. Murya ta soma ja, Mama ta koma kamar namiji mai mura. Na duba na ga bel ɗin ciki, robar da ke juya kaset, ya saki. Na ce a kwashe komai a zuba a kwamfuta tun kafin a yi asara. Baba ya ƙi, ya ƙi, sannan ya yarda da talatin da bakwai. Na talatin da takwas yana cikin aljihun teburinsa, an ɗaure shi da roba. Bai taɓa jin sa ba. Na tambaye shi dalili sau ɗaya. Ya kira ni da sunan da ya saba, ya ce, "Injiniya, in na ji shi, ta gama magana ke nan."

Ranar Talata Yaya ya kai shi asibitin ido. Na buɗe aljihun teburin na ɗauko. Hujjata ita ce zaren kaset ba ya dawwama, in an bar shi zai lalace da kansa. Hujjar daidai ce, har yanzu ma daidai ce. Na jona rikodar da kwamfuta, na toshe kunne ɗaya da niyyar ba zan saurara ba, na danna.

Ta ce ƙas. Ta yi huci. Mama ta gyara murya ta ce, "Akawu, yau irin naka na ɗauko, na masu waya. Amma kafin in fara, tsaya in gaya maka inda ka fi ni gaskiya."

Sai marigayiyar ta yi wata ƙara kamar ana murƙushe takarda, ta tsaya. Wannan ne sautinta na ƙarshe. Daƙiƙa goma sha tara kwamfuta ta kama. Ƙofar kaset ta ƙi buɗuwa. Ta ɗan gilashin gaba ana hango zaren ya nannaɗe ƙarafan ciki. Na zauna da sukundireba a hannu har na ji motar Yaya a ƙofa. Digiri biyu gare ni a kan irin wannan aiki. Ban taɓa ko noti ɗaya ba.

Washegari na kai ta layin masu gyaran waya. Aka yi ta tura ni gaba har na isa shagon ƙarshe, wurin wani dattijo da ke zaune tsakanin matattun talabijin. Ya haska ta da tocila ya daɗe yana kallo.

"In na ja, zai tsinke. In na bari, zai manne. Wa ke ciki?"

"Mahaifiyata."

Ya kashe tocilar. "Tana nan?"

"A'a."

"Ke kika sa shi?"

"Ni."

"To 'yata, zan iya gwadawa. Ko ya fito da rai, ko ya fito gunduwa-gunduwa, ban sani ba. Amma ba da izininki ba. Mai kaya ya zo da kansa ya ce in buɗe."

Marigayiyar ta bar kaset talatin da bakwai, waɗanda Baba ba ya son jin su a kwamfuta saboda ba ta da madannin da yatsa ke ganewa. Ta bar biro mara tawada da ake juya zare da shi, da batir huɗu, da ƙyallen da Mama ta ɗinka mata don ƙura. Ta bar Goggo, wadda ta ce a sayo sabuwa kawai, da Yaya, wanda ya ce babu ruwansa. Ta bar Baba. Shi an gaya masa bel ne ya tsinke. Da ƙarfe huɗu yana zama a kujerarsa ya ɗora hannu a inda aka saba ajiye ta. Jiya ya ce, "Injiniya, wanne ne ya maƙale a cikinta?" Na ce ɗaya daga ciki. Ya ce, "Allah ya sa na mai sumar nan ne, dama ya ishe ni."

Ba za a binne ta ba tukuna, saboda abin da ke cikinta. Tana kwance a kan teburina an rufe ta da ƙyallenta. Ana karɓar gaisuwa a falo, amma ba da ƙarfe huɗu ba. Muna roƙon masu zuwa kada su kawo shawara, muna da ita da yawa. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe za a ɗauke ta zuwa shagon dattijon, idan mai kaya ya yarda ya je. Idan bai yarda ba, za ta zauna yadda take, da sauran maganar a cikinta.

Kafin a raba wa kowa wannan sanarwa, za a fara karanta ta ga mutum ɗaya, tun daga layin farko, ba tare da an tsallake komai ba. Ni zan karanta masa.

Baba, na talatin da takwas ne. A nan zan yi shiru. Na bar maka wurinka.