Takardar da Na Ninke

Da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma Baba ya miƙo mini takardu biyu na gwajin jini, wata uku bayan ya gama shan maganin ciwon hanta nau'in C. Ya ce, "Ɗiyata, ke ce mai boko, duba mana."

Ni da ko a aji ba a jin muryata, na gyara tabarau, na ɗauko jan biro. Takardar farko ta nuna akwai alamar cutar, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ta biyu babu lamba ko ɗaya, sai haruffa uku, na ɗauka injin ne ya gaza, na ninke ta. Cikin nutsuwa na sanar cewa magani bai yi ba.

Inna ta fasa tuyar wainar sadakar da ta shirya don godiyar warkewar Baba. 'Yan dubiya suka zo har daga Ketare, wata gwaggo da kaza a hammata. Baba, da ya yini a gona jiya, ya kwanta yana amsa sannu.

Ran Litinin na raka shi asibitin Ƙanƙara da tambayoyi tara a rubuce. Likitar ta warware wadda na ninke, ta yi murmushi. Ta ce, "Ta farkon sawun cutar ne, yakan zauna ko an warke. Wannan ke ƙirga ƙwayoyin cikin jini, kuma ba a ga komai ba. Alhaji ya warke."

Kazar dai an riga an cinye. Har yau in takarda ta shigo gidanmu, ko ta taki ce, Baba kan nuna ni ya ce, "A ba Likita, amma kada a bari ta ninke."