Yadda Za Ka Gyara Muryar Tsohon Akwatin Gem a Gidan Surukai Alhali Ba Ka San Komai Ba

Kai da ka taɓa cika baki a gidan surukai cewa babu na'urar da ta gagare ka, matso kusa. Matakan nan ba sa ƙarya. An gwada su a kan wani tela da ake kira Dogo, kuma har yau matarsa tana ɗakinta.

Surukin Dogo yana da tsohon akwatin gem, irin mai tsayin mutum ɗin nan, da gilashi da sandar juyawa da jajayen maɓallai. Da ya yi ritaya sai ya kafa shi a falo, kullum yana harbo jirage. Rana ɗaya hoto yana nan, murya ta ɗauke.

1. Kada ka ce ba ka iya ba

Da Baba ya ce, "Ai kai ka ce mana har rediyon jirgi ka taɓa gyarawa," Dogo bai tuna masa cewa zancen neman aure ne ba. Hannun riga ya naɗe, ya ce, "Baba, wannan ai ƙaramin aiki ne." Kai ma haka za ka yi.

2. Zagaya shi sau uku

Hannu a baya, kana girgiza kai. Ƙwanƙwasa katakon, ka kara kunne kamar mai zaɓen kankana. Sai ka ce, "Wa ya taɓa shi kafin ni?" Duk gwani da wannan tambayar yake farawa, don laifi ya samu wurin zama tun da wuri.

3. Mare shi

Rabin na'urorin duniya ladabi suka rasa, ba gyara ba. Amma a hankali. Dogo ya zage ya kai wa akwatin mari, Baba ya zabura: "Kai! Wannan fa ya girmi matarka!"

4. Buɗe bayansa

Zare shi daga wuta tukuna, kuma kada ka taɓa ƙeyar gilashin: jahilci daban, ganganci daban. Kwance kusoshi. Hure ƙura. Murɗa maɓallin ƙara murya. Zaro fiyus ka ɗaga shi sama kamar ka san abin da kake nema. Sannan ka bi wayar lasifika da yatsa.

A nan Dogo ya tsaya cak. Wayar a yanke take. Ba cin ɓera ba ne, ba tsufa ba ne. Shekara ashirin yana riƙe almakashi, ya san aikinsa in ya gani.

5. Ɗaga kai a hankali

Baba ya shiga ɗaki ɗauko tocila. A ƙofar kicin kuwa Mama ce tsaye, tana kallon Dogo ko ƙiftawa babu.

"Ɗana, ka ga wani abu ne?"

"Ƙura dai, Mama."

"Madalla. Wata bakwai rabona da barcin rana, sai satin nan."

Gaba kura, baya sayaki ke nan. In ka gyara, ka ɓata da Mama. In ka tona, ka haɗa tsofaffi faɗa. Ko wanne ka yi, labari zai riga ka isa gida.

6. Ɗora wa kamfani laifi

Mayar da murfi, ka yi ajiyar zuciya. Dogo ya ce, "Baba, ƙwaƙwalwar muryar ce ta ƙone. Kamfanin ma ya daɗe da rufewa."

Baba ya zauna yana shafa gefen akwatin kamar mai duba marar lafiya. Tausayi ya kama Dogo sosai, har sai da faranti ya iso daga kicin ɗin Mama da cinyar kaza biyu a kai.

7. Kada ka yi nisa da salatif

Kwana huɗu tsakani Mama ta kira shi a waya. Da ƙyar yake jin ta, don a bayanta ana ta "Fiyu! Fiyu! Dummm!"

"Mama, ya gyaru ne?"

"Ina fa! Babanku ne yake yi da baki. Duk ya haddace. Akwatin ko ba komai ana rage masa murya, shi kuwa har a banɗaki harbi yake. Zo ka haɗa wayar nan."

"Ai na ce masa ƙwaƙwalwa ta ƙone."

"Da bakinka ka ƙona ta, da bakinka za ka tashe ta."

Dogo ya je, ya kori kowa daga falo wai aikin yana son natsuwa. Minti biyu ya haɗa waya ya naɗe da salatif, ya yi awa ɗaya yana buga sukudireba a katako. Da jirgin farko ya fashe da ƙara, Baba ya rungume shi har da ƙwalla. Washegari ya bi maƙwabta gida-gida yana shelar cewa surukinsa matattun na'urori yake tayarwa.

Yanzu a ƙofar shagon Dogo akwai firji uku, fanka bakwai da injin markaɗe, kowanne da mai shi zaune a gefe yana jira.

Gargaɗi: in wuta ta ja ka, ko akwati ya yi hayaƙi, ko unguwa ta naɗa ka injiniya, babu ruwan mai wannan rubutu. Bai san ka ba, bai san surukanka ba, kuma nasa rediyon ma shekara biyu ke nan yana shiru.