Injiniyan Hantsa Ya Raba Maruƙa

Duk faɗin Gombe, daga Madaki har Bagadaza, babu wanda ya san saniya kamar Alhaji Yuguda na Barunde. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma babban mutum ai ba ya ƙarya. Gaskiya ne bai taɓa tsugunawa gindin saniya ba, amma ya kalli shanun Turai a wayarsa har cajinta ya ƙare, ya sake jonawa. Tun da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya sayi fararen shanu shida da maruƙansu ya zuba a fegin bayan gidansa. 'Yan unguwa suka raɗa masa Injiniyan Hantsa, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har yana amsawa da ɗaga hannu.

Abu ɗaya ya hana shi barci: kujerar shugaban ƙungiyar masu shanun tatsa ta unguwa. Abokin takararsa Malam Muktar ne, tsohon malamin firamare mai saniya biyu da tsohon babur. Kai, wannan raini da yawa yake!

Sai Alhaji ya sa Ezenwa, mai shagon janareta, ya yi masa odar injin tatsa daga Legas. Inji ya iso da tulun ƙarfe mai sheƙi da robobi huɗu suna reto. Alhaji ya zagaya shi, ya shafa, ya yi hoto da shi tsaye, ya yi a zaune.

A bidiyon da yake kallo kuma ya lura da wani sirri: ko maraƙi ɗaya babu a ɗakin tatsar Turawa. Nan take basira ta sauko. Maruƙa ashe ɓarayin nono ne, su ne suka hana ƙasar nan ci gaba! Da yake zaɓe ya ƙarato, ya kwance maruƙansa daga igiyar dangwali, ya aika wa dattawan ƙungiya, kowa da nasa, wai alheri ne ba don komai ba.

Dattawan nan kowannensu ya san farar saniya ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, ta lashe shi, hankalinta ya kwanta. Amma tsuntsu daga sama gasasshe, wa zai tsaya wa'azi? Suka yi godiya, suka yi addu'a, kowa ya ja maraƙinsa gida.

Ranar zaɓe, a gidan Alhaji aka taru, don kowa ya ga zamani da idonsa. An kafa rumfa, an jera kofuna. Ya fito cikin babbar riga, da takalmin roba har gwiwa.

"Jama'a," in ji shi, "yau Barunde ta shiga sahun duniya. Tatsa da yatsu aikin kakanni ne, Allah ya jiƙansu. Saniya ta gane wanda ya waye. Ezenwa, tayar da janareta!"

Janareta ya ɗauka, shanu suka zabura. Da kyar aka dabaibaye ta farko, aka manna mata robobi. Inji ya ja, ya zuƙa, ya yi gurnani. Tulu fayau. Saniya ta juyo ta dubi Alhaji, ta ɗaga kai ta rangaɗa kukan neman ɗanta, sauran biyar suka amsa mata.

"Tana nazarin na'urar ne," Alhaji ya ce, gumi na tsiyaya daga hularsa. "Haka suke yi a Turai."

Aka gwada ta biyu, ta harbi tulun har ya gangara gaban dattawa. Suka leƙa ciki ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigo babu. Wallahi a lokacin Alhaji ya ba ni tausayi, don ya gane inda gizo ke saƙar. Amma ya ce a dawo masa da maruƙa? Ina! Babban mutum ba ya lashe amansa, balle a gaban masu ƙuri'a.

Malam Muktar ya miƙe da ladabi. "Alhaji, ranka ya daɗe, raba uwa da ɗa akwai alhaki, kuma hantsar nan za ta kumbura. Tunda kyauta ba ta komawa, me zai hana iyayen su bi 'ya'yan?"

"Madalla!" dattawa suka amsa baki ɗaya.

Alhaji ya gyara riga. "Dama shirina ke nan. A Turai ana ce masa faɗaɗa harka."

Kafin la'asar an kora shanun duka gidajen dattawa, fegi ya zama filin ƙwallo. Aka kaɗa ƙuri'a, Malam Muktar ya lashe. Da ya zo jawabin godiya, ya yaba wa Alhaji matuƙa, sannan ya tuna wa jama'a cewa ƙungiya ta masu shanu ce. Amma saboda mutunci, in ji shi, duk ranar taro za a ajiye wa Alhaji kujera a layin baƙi.