Shekarar da Fada Ta Hana Kaka Shigowa

Tafkin Marke ba wani babban tafki ba ne, amma yana da sarki, yana da waziri, yana da talakawa, kuma duk inda waɗannan uku suka haɗu ai an yi ƙasa. Sarkin wani ƙaton namijin dorina ne, wanda ya hau mulki a shekarar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da damina ta zagayo aka sake kwararawa. Kwaɗi, waɗanda su ne maroƙan fada, suka laƙaba masa kirarin "Mai hana tafki ƙafewa". Tun yana jin abin a matsayin kirari, har ya zo ya yarda. Wazirinsa Kada ne, mai yawan shiru da yawan haƙora. Sai Jakadiya Balbela, farar riga kullum fes, wadda abincinta a gadon bayan manya yake, shi ya sa ba ta taɓa ganin laifin babba ba, sai dai kaskarsa.

A gabashin tafkin akwai wani falalen dutse, rabinsa a ruwa rabinsa a tudu. Nan tsoho Guza yake shan hantsi, nan kuma ake hira. Ba majalisa ba ce, ba a aika wa kowa goron gayyata. Mai zuwa shan ruwa ya tsaya, na cikin ruwa ya leƙo da kai.

"Baba Guza, an tashi lafiya? Ya raɓa?" in ji Zomo.

"Raɓa kam ta sauka, ɗan nan. Dubi ƙafafunka, kamar wanda ya kwana wanki. Ina labarin gonaki?"

"Gero dai ya shiga rumbu. Dawa ta sunkuyar da kai, tsuntsaye jan-baki sun sauka mata, masu gona sai ihu."

Shamuwa ta sa baki daga kan marke: "Kun ga hadarin jiya? Ya haɗu baƙi ƙirin, ya yi ta gunaguni kamar surukar da ba a gaishe ta ba, ƙarshe ko ɗigo."

Zancen ke nan kullum, raɓa, hadari, fara ta yi ƙiba, tururuwa na jidar hatsi. Mai wucewa zai ce zaman banza ne. Amma daga wannan zaman ƙananan kifaye ke sanin lokacin da za su bi ƙorama su fita babban kogi tun ba ta yanke ba. Babu mai yin shela. Kowa dai ya ji, ya auna, ya san inda dare ya yi masa.

Wadda ta fi kowa dogaro da hirar ita ce tsohuwa Gaiwa. Ita ba ta zuwa kogi. In ruwa zai tafi sai ta haƙa laka ta shige, ta naɗe jikinta ta yi barci har damina. Duk rayuwarta a kan daidaita lokaci take: in ta shiga da wuri, ta cinye jikinta kafin ruwa ya dawo, in ta makara, laka ta ƙi haƙuwa. Ga shi idonta ya yi rauni, ba ta ganin sama balle gonaki. Don haka kowace kaka Guza ne ke ce mata lokaci ya yi. Tun suna da ƙuruciya haka suke, kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba.

"Kai mai wutsiyar bulala, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira ki riga ni, makauniya, don in san hanya."

A shekara ta uku ta mulkin Sarki, ruwa ya ɗauke kamar yadda ya saba ɗaukewa tun kafin a haifi kakan Sarki. Tafki ya ɗan ja baya. Sai aka buga tambari, aka tara majalisa a inuwar marke.

Jakadiya Balbela ta gyara fiffike ta ce, "Allah ya ba ka nasara. Na zaga gabas, na zaga yamma, ban ji ana zagin Sarki ba. Abin da na ji ya fi zagi muni. Ana cewa raɓa ta yi yawa. Ana cewa hadari ya watse. Wanda ya ce raɓa ta sauka, ai ya ce damina ta wuce. Wanda ya ce damina ta wuce, ya ce tafki zai ja baya. Wanda kuwa ya ce tafki zai ja baya, to me ya ce game da Mai hana tafki ƙafewa? Bakina ba zai iya ƙarasawa ba."

Kwaɗi suka ɗauki salati.

Waziri Kada ya buɗe ido ɗaya. "Ranka ya daɗe, ni ba mai dogon zance ba ne. Talakawa nake tausayi. Kowace shekara ana tsorata ƙananan kifaye da zancen kaka, su bar gidajen iyayensu su bi ƙorama zuwa kogi, inda ba su san kowa ba. Ni kuwa ina son talakawa kusa da ni."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Shamuwa ce kaɗai ta nemi magana, ita ma don kayanta a ɗaure suke. "Ranka ya daɗe, in an hana faɗin kaka, an hana ta zuwa ke nan?"

Sarki ya yi hamma, duk majalisa ta ga cikin bakinsa. Ya ce, "Wa ya ce za a hana ta zuwa? Za ta nemi iso kamar kowa. Har yanzu damina muke ciki, kuma damina za mu ci gaba da yi sai ranar da fada ta sanar da kaka. Gaisuwa ba mu hana ba, mu ba arna ba ne. A tambayi lafiya, a amsa lafiya. Abin da ya wuce haka, na raɓa ne ko na hadari ko na amfanin gona, fitina ne."

Washegari Shamuwa ta tashi ta nufi kudu, kamar yadda take yi kowace kaka. Fada ta sanar cewa korar ta aka yi.

Saura Guza. Balbela ta so a tumɓuke shi daga dutsen, amma Kada ya fi ta sanin duniya. Ya ce tsoho mai jama'a ba a dukansa, naɗa shi ake yi. Aka kira Guza gaban majalisa, aka yaba hankalinsa da shekarunsa, aka naɗa masa rawani da saɓar maciji, aka ce daga yau shi ne Sarkin Gaisuwa. Aikinsa ya zauna inda ya saba zama, ya saurari abin da ake faɗa, ya kai wa Waziri. Guza ya so ya ce a'a. Ya dubi bakin Kada, ya ce ya gode.

Da hantsi ya hau dutsensa da rawani. Zomo ya taho, ya hango shi, ya durƙusa tun daga nesa.

"Ranka ya daɗe."

"Kai Zomo, ni ne fa. Matso mana. Ya iyali?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ya... ya gari?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. A huta lafiya."

Daga ranar Zomo ya koma shan ruwa ta yamma, duk da ƙayar da ke can. Kifaye suka daina leƙowa. Guza bai kai ƙarar kowa ba, ko sau ɗaya, amma wa zai saka hannu a rami don ya gwada ko macijin ciki mai kirki ne? Ya zauna yana kallon ciyawa tana rikiɗa daga kore zuwa ruwan ƙasa, yana kallon shanun Fulani sun sauka gonakin da aka girbe, yana jin iska ta juya. Labari ya cika masa baki, babu wanda zai ba. Wani lokaci har ya buɗe baki zai ce "kun ga", sai ya tuna babu kowa.

Ƙorama ta yi ta tsukewa. Kifaye sun ga haka da idonsu, amma kowanne ya ga ɗan'uwansa bai motsa ba, sai ya ce ƙila shi ne bai gane ba. Suka tsaya jiran sanarwa. Ranar da ƙorama ta yanke, Waziri ya ce an rufe iyaka ne don tsaro.

Gaiwa kaɗai ba ta fasa zuwa ba. Rawani ba ya ba makaho tsoro.

"An ce an naɗa ka. Sarkin me ma?"

"Gaisuwa."

"To, gaishe ni mu ji."

Ya yi dariya har rawanin ya karkace. Suka yi hirar tsutsa, da ciwon bayansa, da shekarar da wani masunci ya faɗa ruwa da wandonsa. Da za ta nutse ta ce, "Ruwan nan na ji ya yi ɗumi. Lokaci ya yi ne?"

"Da saura," in ji Guza.

Haka ya ce mata ranar, haka ya ce mata gobe da jibi. Yakan gaya wa kansa doka ce ta ɗaure masa baki, ga Balbela na shawagi, ga idon Kada a saman ruwa. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai wata gaskiyar a bayan wannan, wadda ba ya son juyawa ya kalla. A shekarun baya in Gaiwa ta shiga laka, dutse a cike yake da masu hira har damina. Bana in ta shiga, shi ke nan.

Wata rana da azahar ya sauko shan ruwa, ya taka lakar gefen dutse, ƙafarsa ba ta nutse ba. Ya sake takawa da ƙarfi. Ƙasa ta ɗauke shi kamar daɓe. Ruwan da ya rage kuwa duk ya gangara wajen gurbin Kada.

Bai duba sama ba, bai duba ruwa ba. Ya ƙwala kira.

"Gaiwa! Ke Gaiwa! Fito. Kaka ta yi. Ta ma yi nisa. Har dawa an yanke."

Ta ɗago kai a hankali. "Dawa? Ba gero ba?"

"Dawa."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya kau da kai yana gyara rawani.

"Guza, da kai nake. Tsoron Kada ne?"

"Har da shi."

"Har da shi," ta maimaita. "Sauran fa?"

"Babu mai yi mini magana sai ke."

Ta nutse, ta sake ɗagowa. Can ta ce, "Da ka ce mini haka, da na ƙara maka kwanaki da sanina, in san da abin da na saya. Amma ka ɗauka ba ka tambaya ba. Su fada ai ba su taɓa cewa su abokaina ba ne." Ta juya. "Ina laka mai taushi? Ka yi mini ido na ƙarshe."

Ya zaga da ita. Inda ta saba shiga ya bushe ƙamas. Inda ke da taushi sosai, nan Waziri ke kwana. Suka samu wani ɗan lungu a gindin bado, ba mai zurfi ba, irin wanda rana ke iya gasawa in bazara ta yi tsanani. Ya sa farce ya tona mata sama-sama, ita ta ƙarasa da baki. Ta sha wuya kafin ta shige.

"Zai riƙe ki kuwa?" ya tambaya.

"Allah ya sani."

"Gaiwa, ki..."

Laka ta rufe.

Balbela ta ji kiran da ya yi, kowa ma ya ji. Da la'asar aka aiko Sarkin Gaisuwa ya zo fada. Ya tarar babu Sarki. An ce ya fita rangadi ta tudu, ya nufi kogi don duba lafiyar talakawansa na can, kuma ba a sa ranar dawowa ba. Jakadiya ma tana shirin raka shanu, wai aikin fada ne. Waziri ke riƙon ƙasa, yana kwance a ɗan ruwan da ya saura, kifaye sun cunkushe kewaye da shi har ba sai ya motsa ba. Ya yi ƙiba, fatarsa na sheƙi.

"Sarkin Gaisuwa, me aka ji yau a dutse?"

"An yi zancen kaka, ranka ya daɗe."

"Wa ya yi?"

"Ni."

"Da wa?"

"Da Gaiwa."

"Tana ina?"

"Ta shiga ƙasa."

Guza ya sa hannu zai kwance rawani, ya sunkuyar da wuya yana jiran abin da zai biyo baya. A ransa har ya fi son hakan. Ko ba komai za a tara jama'a, a karanta laifinsa, wani ya tofa, wani ya ce Allah sarki.

Kada ya dube shi da ido biyu, abin da bai cika yi wa kowa ba.

"Bar rawaninka, Baba. Ka yi aikinka, ka kawo mai laifi da kanka, fada ta yaba. Koma dutsenka. Daga yau ma na yi maka izini, kai kaɗai a ƙasar nan: ka yi zancen raɓa, ka yi na hadari, ka yi na kaka, da ƙarfi in ka so." Ya lumshe ido. "Da wa za ka yi?"

Guza ya tsaya kaɗan ko za a ƙara wani abu. Ba a ƙara ba. Ya gyara rawaninsa, ya yi godiya kamar yadda ake yi, ya juya ya bi ta kan busasshiyar laka, yana ɗaga ƙafa a hankali don bai san wa ke ƙarƙashi ba.